Jarrabawar RDM ta intanet: lamba kaɗai ake so ko hanyar lissafi?

Ɗan Tawa: Assalamu alaikum mutanen zaure. Ina da ƙorafi, kuma ina son waɗanda sunka riga mu cikin karatun ga su ba ni haske. Ni a Tawa nike, da rana ina aiki, karatun injiniyan gini kuma ta intanet nike yin shi da wata makaranta ta waje. Jiya munka yi jarrabawar RDM, wato darasin lissafin juriyar kayan gini. Awa biyu, tambaya 12, kowace da ɗan akwatinta da za ka sa lamba guda. Ba wurin zane, ba wurin nuna hanya. Tambayoyi uku na same su daidai bisa takarda, amma na rubuta su da waƙafi kamar yadda anka koya muna tun firamare, 6,67, ashe na'urar ɗigo take so, 6.67. Sifiri ta ba ni duk ukun. Saura minti 20 wuta ta tahi, na koma kan salula, kafin shafin ya buɗe lokaci ya cika. Maki ya fito nan take: 7 bisa 20. Wanga jarrabawa ce ko caca?

Na Bukoki: Wa alaikumus salam. Kai dai ka gode Allah da kanka ka samu 7 ɗin. Lokacin korona na san ajin da kowa ya samu 17, har wanda bai san bambancin putur (ginshiƙin kwance) da poto (na tsaye) ba 😂

Ƴar Yantala: Allah ya ba da haƙuri ɗan'uwa. Maganar waƙafi kam ka rubuta wa malamin yau ɗin nan, kada ka bari ta kwana. Ka ɗauki hoton takardun da ka yi lissafi a kai, ka haɗa da hoton allon da ke nuna amsarka. Idan Moodle, manhajar nan ta karatu da jarrabawa ta intanet, suke amfani da shi, malami yana ganin ainihin abin da ka rubuta da lokacin da ka rubuta shi, kuma yana iya gyara maki da hannu. Ta wuta ce mai wuya, don ba su da hanyar tabbatarwa.

Ɗan Tawa: Moodle ne. Na rubuta mishi tun da dare, shiru har yanzu.

Tsohon Shantiye: Yaro, zan faɗi abin da ba za ka so ji ba. Maganar waƙafi na yarda an cuce ka, a gyara maka. Amma kukan da kuke yi cewa "ba a duba hanya" ban karɓe shi ba. A wurin gini, in ka ce a sa ƙarfe mai kaurin milimita 10 inda ya kamata 14, ba wanda zai ba ka rabin maki don ka fara lissafin daidai. Dal ba ta san ka yi ƙoƙari ba. Na fi son jarrabawar da ke cewa ko daidai ko sifiri, ta fi kama da aikin da ke jiran ku.

Na Bukoki: Baba ya iso da bulala.

Mushe RDM: Salamu alaikum. Na karanta duka. Yaya Tsohon Shantiye, da girmamawa, a nan ban bi ku ba, kuma da aikinku zan kafa hujja. Idan kuka gama lissafin gini mai hawa, lamba guda kuke aika wa ofishin masu bincike? Ai takardar lissafi sukutum kuke kaiwa: nauyin da kuka ɗauka, irin madogarar da kuka zata, zanen ƙarfin lanƙwasa, dokar da kuka bi, ko BAEL 91 ko Eurocode 2. Mai bincike hanyar yake karantawa, don a nan ne kuskure ke ɓuya. Injiniyan da ba ya iya rubuta lissafinsa yadda wani zai bi shi layi-layi, ko lambarsa ta fito daidai, ba a amince masa.

Bari in ba da misali da kowa zai iya gwadawa. Putur mai tsawon mita 4 bisa madogara biyu, nauyi shimfiɗe kilonewton 10 a kowace mita. Kowace madogara tana ɗaukar 20. Ƙarfin lanƙwasa mafi girma yana tsakiya, qL²/8 (q nauyin, L tsawon), wato 10 sau 16 a raba 8, ya ba da 20 kN.m. A ce katako ne mai faɗin santimita 10 da tsayin 20. A tsaye, matsin da ke gefen sama da na ƙasa megapaskal 30 ne. Yanzu ɗalibai uku sun ba ni amsar da ba daidai ba. Na farko ya rubuta 30 000, don ya bar abin a kilopaskal ya manta. Na biyu ya rubuta 60, don ya juya b da h, wato faɗi da tsayi, ya kwantar da katakon a lissafi ba tare da ya sani ba. Na uku ya rubuta 120, don ya ɗauki qL²/2, dabarar putur mai maƙale a gefe ɗaya. Na'ura sifiri za ta ba su duka. Ni kuwa na farko zan ja masa kunne in rage masa kaɗan, na biyu zan mayar da shi kan bh³/12, na uku bai gane komai ba tukuna, sai ya maimaita. Cutarsu ba ɗaya ba ce, maganinsu ba ɗaya ba ne.

Tsohon Shantiye: Mushe, na farkon naka da kake son yi wa sassauci, shi ne ya fi ba ni tsoro. A 1999 Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, Mars Climate Orbiter, don wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren yana zaton newton ne. Masana ne fa, ba ƴan aji biyu ba. Kuma ɗalibin da ya rubuta 30 000 bai tsaya ya ce, kai, ƙarfen Fe E400 kansa a megapaskal 400 yake fara sakin jiki, ta yaya katako zai kai 30 000? Wannan rashin tunanin girman lamba shi ne ciwon ƴan yanzu.

Mushe RDM: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, shi ya sa nake sa tambaya guda a kowace jarrabawa: "amsarka ta yi kama da gaskiya? Me ya sa?" Amma ku lura, akwatin lamba ba ya iya yin wannan tambayar.

Ƴar Yantala: Mushe, to ku ya kuke yi in dole ta sa a yi daga nesa? Don a Maris 2020 da aka rufe makarantu, yawancin malamai PDF kawai suka riƙa turowa ta WhatsApp, a ce a mayar kafin magariba. Mutum ɗaya ya yi, aji ya kwafa.

Mushe RDM: Ƙanwata, abin da na ga yana aiki kashi uku ne, kuma na ukun shi ne mai wahala.

Da farko kowa da lambobinsa. Moodle yana da irin tambayar da kake ba shi dabara, ka ce tsawo ya kama daga mita 3 zuwa 6, nauyi daga kaza zuwa kaza, shi ya zaɓa wa kowane ɗalibi nasa. Kana kuma iya ba shi rangwamen kashi 1 ko 2 cikin ɗari don masu taƙaita lamba. Wasu malamai suna zaton da wannan an gama da satar amsa. Ba a gama ba. Mai ƙwaƙwalwar ajin zai zuba dabarar a Excel cikin minti biyar, ya tura, kowa ya sa lambobinsa. Don haka ba lamba kaɗai ake canzawa ba, har siffar: wani a ba shi putur mai ɗan hanci da ya wuce madogara, wani a matsar masa da nauyin daga tsakiya, wani a haɗa masa nauyin wuri ɗaya da shimfiɗaɗɗe. Aiki ne babba ga malami, sati guda yana iya tafiya wurin shirya shi.

Na biyu, takardar hannu. Ɗalibi ya yi zanensa da bik, ya rubuta sunansa a kowane shafi, ya ɗauki hoto ya tura. A ba shi minti 30 daban don turawa, kuma a yarda ya turo ta WhatsApp in shafin makaranta ya ƙi buɗewa, tunda saƙon yana zuwa da lokacinsa.

Na uku, kira. Minti biyar zuwa bakwai, takardarsa a gabana, in tambaye shi abu biyu. "Me ya sa ƙarfin yanka ya yi tsalle a nan?" "In na ninka tsawon putur ɗin, lotsawarta sau nawa za ta ƙaru?" Wanda ya yi da kansa zai tuna L tana da huɗu a kanta cikin dabarar lotsawa, 5qL⁴/384EI, ya ce sau 16. Wanda ya kwafa zai ce sau biyu, ko kuma rezo ya ɗauke masa daidai lokacin.

Na Bukoki: Mushe, rezon nan fa wani lokaci da gaske yake ɗaukewa 😅

Mushe RDM: Na sani. Shi ya sa nake sake kira gobe, da wata tambayar.

Injiniya Harobanda: Mushe, tsarin nan yana da kyau a aji mai mutum 25. Ku kai shi aji mai 200. Minti bakwai sau 200 ya haura awa 23 na kira zalla, ban da wanda bai ɗauka ba, ban da gyaran hotuna 200 da rabinsu an ɗauke su cikin duhu. Malamin da ake biya da awa, wa zai biya shi wannan? Makarantun da ke koyarwa daga nesa sun koma akwatin lamba ne don arha, kuma ba za su bari ba don mun yi surutu a nan.

Mushe RDM: Ba kowa ake kira ba a babban aji. Kashi ɗaya cikin huɗu ta ƙuri'a, sai duk wanda makinsa ya yi tsalle daga 5 a dabuwar zuwa 18. Tsoron kiran ma yana aiki.

Injiniya Harobanda: To nan kuma rashin adalci ya shigo. Mutum biyu sun kwafa, ƙuri'a ta faɗa kan ɗaya.

Mushe RDM: Haka ne. A ɗakin jarrabawa ma ba duk mai leƙe ake kamawa ba.

Ƴar Yantala: Ni akwai abin da ba a taɓo ba, kyamara. Wata ƙawata tana irin karatun Ɗan Tawa. Kafin a fara sai an sa ta zagaya da kyamara ɗakin duka, ƙarƙashin tebur, bayan ƙofa, sannan ta zauna awa uku ana ɗaukar ta. Gidan haya ne a Talaje, ɗaki biyu, da uwar mijinta da yara. Yaro ya turo labule, na'ura ta rubuta "an ga wani mutum". Ta sunkuya kan takarda don zana putur, ta rubuta "fuska ta ɓace". To RDM a sama ake zana shi? Dole ka duƙa, da rula da kalkuleta. Waɗanda suka ƙera abin nan sun zaci kowa yana da ɗakin karatu da ƙofa mai makulli. Ga kuɗin forfe, bidiyon awa uku ba wasa ba ne, daga aljihunta.

Na Bukoki: Kuma duk da kyamarar, waya ta biyu tana kan cinya. ChatGPT yana warware putur mai madogara biyu kafin ka gama shan shayi.

Injiniya Harobanda: Yana warware mai sauƙi. Ba shi hoton firam mai madogara fiye da ƙima ka gani, sau da yawa yana juya alama, ya kawo maka amsa da cikakken ƙarfin hali. RDM6, manhajar nan ta IUT, cibiyar fasaha ta jami'ar Le Mans a Faransa, da muka yi ta amfani da ita, ta fi shi amana nesa ba kusa ba, kuma ta daɗe a hannun ɗalibai. Matsalar ba sabuwa ba ce. Ni ra'ayina a bar yaƙi da kayan aiki. A ofis ba wanda ke hana ni buɗe littafi ko manhaja. A ba ɗalibi sakamakon manhaja da aka dasa wa kuskure, a ce ya nemo shi. A ce ga zanen ƙarfin lanƙwasa, a bakin madogara mai juyawa bai koma sifiri ba, me ya faru? Wannan ita ce tambayar da aiki ke yi min kullum.

Tsohon Shantiye: Yawwa, yanzu ka zo gidana. Bari in gaya muku abin da na fi gani da idona. Baranda mai fita waje, mita ɗaya da rabi, ba poto a ƙarƙashi. Irin wannan sama take ja, ƙasa take matsewa, don haka ƙarfe a sama yake zama. Beto yana jure matsi, megapaskal 25 a kwana 28 in an kwaɓa shi da kyau, amma wurin ja kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan yake iyawa. Sai ka zo ka tarar mai ɗaurin ƙarfe ya shimfiɗa shi a ƙasa kamar sauran dal, don haka ya saba. Ko ya sa shi a sama daidai, masu zuba beto su tattake shi da ƙafa da baro har ya kwanta. Ranar da aka cire katakon tallafi sai tsaga ta fito a sama, jikin bango. Na taɓa tsayar da wani matashi mai digiri a gaban irin wannan, na ce me ka gani? Ya ce komai lafiya. Dabarar qL²/2 kuwa yana karanto ta kamar fatiha. Wace jarrabawa ce, ta nesa ko ta kusa, za ta kama wannan?

Mushe RDM: Hoton ɗaurin ƙarfen, da tambaya guda: "ka sa hannu a zuba, ko a'a?" Ana iya yin ta ta waya ma.

Tsohon Shantiye: To ku riƙa yi mana.

Ɗan Tawa: Baba, maganarku ta tuna mini da masallacin Yama nan jiharmu, wajen Illela. Falke Barmu ya fara gina shi a 1962, da ƙasa da itace, har ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Bai zauna ajin RDM ba, amma ya san iyakar tazarar da itace ke ɗauka kafin ya lotsa, ya san inda za ya juya ga baka don nauyi ya bi ta matsi. Magina namu na gargajiya sun san azara ba ta son dogon zango, shi ya sa sunka iya jera ta hawa-hawa daga bango.

Injiniya Harobanda: Gaskiya ne, amma kada mu ruɗi kanmu. Saninsa na shekaru ne a kan kaya iri ɗaya, ƙasa da itacen da ya sani. Gadar Kennedy da muke hawa kullum tun 1970, mita 700 da wani abu a kan kogin Isa, ba a gina irinta da ido. Da ka canza kaya ko ka ninka zango, sai lissafi.

Ɗan Tawa: Ban musa ba Yaya. Shi ya sa nike biyan kuɗin makaranta.

Admin: Jama'a mu dawo kan jarrabawa. Akwai wanda ya san hanyar da ɗan'uwanmu zai bi kafin zagaye na biyu?

Ƴar Yantala: Ni abin da na ga ya fi shi ne karatu daga nesa, jarrabawa a ɗaki. Kwasa-kwasan nesa da ke bi ta AUF, ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci, haka suke yi, ɗalibi ya je cibiyarsu ya zauna da mai sa ido, a nan Yamai tana cikin jami'ar Abdu Mumuni. An huta da kyamara a ɗakin kwana, an huta da zargi. Ɗan Tawa, ka tambayi makarantarku ko suna yarda da cibiyar jarrabawa.

Ɗan Tawa: Daga Tawa zuwa Yamai kilomita 500 da ɗoriya ne, ta Konni da Dogonduci da Doso. Yini guda a mota zuwa, yini guda komowa, ga masauki, ga izinin wurin aiki. In kowace jarrabawa sai na tahi, amfanin karatun nesa ya ƙare. Ga jami'ar Jibo Hamani nan cikin gari. In da za su yarda wani malami nan ya zauna da ni awa biyu, ya sa hannu, ya tura takardata, ni ko kuɗin sa idon zan biya.

Mushe RDM: Ka rubuta musu wannan a wasiƙa ta daban, kada ka haɗa ta da ƙorafin waƙafi, don ofis biyu ne. Ta maki ga malami, ta cibiya ga mai kula da karatu. Makarantu da yawa suna karɓar mai sa ido in yana da adireshin imel na jami'a da hatimi. Ka fara samo malamin da ya yarda, ka sa sunansa da muƙaminsa a wasiƙar, ya fi ka tambaye su hannu wofi.

Injiniya Harobanda: Kuma ka gaya musu halin wutarmu a sarari, da shekaru. Kafin 2023 mafi yawan wutar ƙasar nan daga Najeriya take zuwa, ta Yamai ta layin Birnin Kebbi. Da aka yanke ta a Agustan 2023 sai Maris 2024 ta dawo, duk wanda ya yi karatun nesa a watannin nan ya san abin da ya sha. Ko ba wannan, Afrilu da Mayu in zafi ya kai 45, ɗaukewar wuta abin kullum ne. Wanda ke zaune a Turai yana saita agogon jarrabawa bai san wannan ba sai an faɗa masa. A Moodle ɗin ma ana iya ƙara wa ɗalibi ɗaya lokaci ko a buɗe masa zama na biyu, dannawa kaɗan ne.

Na Bukoki: Kafin nan dai ka nemi siba mai sola ko gurup, ka cika batirin ordinatar, ka sa layi biyu na kamfani daban-daban. Kuma ɗigo, Malam, ɗigo.

Tsohon Shantiye: Ni har yanzu ina kan bakana, rabin maki yana lalata yara. Amma zancen kira da hoton ɗaurin ƙarfe na karɓa. Ƴan Yamai da ke karatun nan, Asabar da safe muna da baranda irin wadda na faɗa, za a zuba beto wajen ƙarfe 9. Duk mai so ya zo ƙarfe 7 ya duba ƙarfen kafin a rufe shi, ni ba zan nuna komai ba, ku za ku gaya min. Mutum biyar kawai nake iya shigarwa. Ku tura wa Admin suna, shi zai ba ku kwatance.

Ƴar Yantala: Baba a sa ni. Akwai hular kwano a can ko mu zo da namu?

Tsohon Shantiye: Hula akwai. Takalmi rufaffe kowa ya zo da nasa, mai silifas a bakin ƙofa zai tsaya.

Ɗan Tawa: Don Allah wanda ya je ya ɗauko mini hotuna daga gefe, inda ƙarfen ya shiga cikin dal, da tazarar da ke tsakaninsa da katakon ƙasa.